Buhun Inna da Takardar Kawu

A ɗakin ajiyar Innarmu a Wonaka akwai wani buhu da ya girmi rabin jikokinta. Buhun shinkafa ne mai cin kilo 50, na zamanin da 'yar waje ke sauka a Kwatano, ta ratso Nijar, ta faɗo mana ta Jibiya. Shinkafar cikinsa an cinye ta tun a wani biki da yau ba mai iya tuna ko na wace ce. Shi kuwa buhun ya ƙi mutuwa. Ya ɗauki gero, ya ɗauki wake, ya yi damina guda yana tare feshin ruwa a tagar ɗakin girki, daga baya aka farke shi aka mai da shi shimfiɗar shanya kuɓewa. Jan fentin jikinsa ya koɗe, hoton giwar da ke tsakiya ya koma kamar inuwa. Amma can ƙasa akwai layi guda da rana ba ta cinye ba, wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, kusan kowane harafi da ɗan zobe a kansa, kamar an jera ƙugiyoyin kamun kifi. Rubutun mutanen Tailan ne. Tun da aka rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019 irin wannan buhu ya ja baya a kasuwanninmu, don haka na Inna ya zama ɗan tarihi ba tare da kowa ya naɗa shi ba.

A cikin kwallar da take ɓoye turarenta da 'yan kunnenta na da kuma akwai wata takardar kuɗi mai launin ƙasa-ƙasa. Kawu ne ya bar mata ita, ƙanenta da ke zuwa Gwangzu saro kayan babur. Yuwan 20 ce, ragowar guzurinsa. Inna ba ta taɓa tunanin canza ta ba. Abin da ya ba ta sha'awa shi ne hoton bayanta: kogi, da wani masunci a kan ɗan kwalekwalensa, da duwatsu tsaitsaye a bayansa. Ta ce ashe su ma suna da Kwatarkwashi, har ma sun fi mu yawansa.

Da Babbar Salla muka taru a gida. 'Yar wana, wadda aka haifa a Kano take kuma karatu a can, tana tsugune tana juya kuɓewa a kan buhun, sai Inna ta ce da ita, "Kishiya, bar aikin ga, zo ki zamna nan in gwada maki kuɗɗin mutanen Sin."

Yarinyar ta yi dariya. "Inna, zauna ake cewa. Malaminmu ya ce zamna Hausar ƙauye ce."

"Ki tahi ki hwaɗa ma malamin naku," in ji Inna, "ni da halshena aka haihe ni, ban aro na kowa ba."

Aka yi dariya, aka miƙa mata takardar. Tana juya ta sai ta lura da kusurwar sama ta dama, inda aka jera rubutu iri-iri ƙanana. Ɗaya a tsaye yake kamar igiya mai ƙulli, na Mongol ke nan. Ɗaya na mutanen Tibet. Ɗaya kuwa Inna na ganinsa ta ce ajami ne, irin na jikin naira 500, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba, don rubutun Musulmin Uigur ne, da haruffan Larabci suke yi. Na ƙarshen boko ne sak, amma yarinyar ta gwada karanta shi harshenta ya sarƙe: Cunghgoz Yinzminz Yinzhangz. Ta ɗago ta ce, "Baffa, wannan wane irin Turanci ne, kowace kalma sai ta ƙare da z?"

Na ce mata harshen Juwang ne, kuma z ɗin nan ba a furta shi, alama ce kawai ta karin sauti. Mu ma muna da karin sauti, shi ne ya raba kukan yaro da kukar miya, sai dai mu ba ma rubuta shi, su kuwa suna liƙa masa harafi a wutsiyar gaɓa. Sai a lokacin idona ya sauka a kan abin da ke gabana. Takardar tana hannun yarinyar, buhun yana ƙarƙashin gwiwarta. Harsuna biyu 'yan gida ɗaya, waɗanda suka rabu fiye da shekara dubu, sun zo sun haɗu a tsakar gida a Wonaka, ɗaya ta hanyar Kwatano, ɗaya a aljihun Kawu, kuma ba wanda zai dube su ya ce sun haɗa komai.

Juwang su ne ƙabila mafi yawa a ƙasar Sin in an cire Han masu rinjaye. Ƙidayar 2020 ta same su sun haura miliyan 19. Mafi yawansu suna Gwangshi, a kudancin ƙasar, kan iyaka da Biyetnam, yankin da aka ba shi matsayin cin gashin kai da sunansu a 1958, da hedikwata a Nanning. Duwatsun da Inna ta kira Kwatarkwashi ma a Gwangshi suke, a bakin kogin Li kusa da Guilin. Daga can zuwa Bankok tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, da ƙasashe a tsakani. Mutumin Bankok mabiyin Buda ne, rubutunsa ya samo asali daga na Kemar, wanda shi kuma tushensa Indiya, ana kuma danganta tsara shi ga Sarki Ramkamhaeng na Sukotai a 1283. Mutumin Juwang ya yi ƙarnuka a ƙarƙashin sarakunan Sin, ya ari haruffansu ya ƙera nasa, kafin a yi masa na boko a 1957 a sake gyara shi a 1982. Addini daban, rubutu daban, sarauta daban, tuta daban.

Ko layin nan na jikin takardar, in ka karanta wa mutumin Tailan shi da ƙarfi ba zai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ma'anarsa Bankin Jama'ar Sin, kuma duka kalmomin ukun aro ne daga Sinanci. Shi ma mutumin Tailan in zai ce banki, ko jami'a, ko gwamnati, sai ya koma rumbun Sanskirit da Pali, harsunan littattafan addininsa. Kowanne ya ari rigar fita unguwa daga maƙwabcin da ya fi shi ƙarfi.

Amma ka shiga da su madafi ka ji. Mutumin Tailan yana kiran gonar shinkafa na, mutumin Juwang ma na. Kaza kai ce a bakin duka biyun. Kare ma, ido ta, ƙauye ban. Wuta fai ce a Bankok, fei a Gwangshi. Kifi pla a nan, pya a can. Ɓaunan da ke ja musu garma kwai ne a wajen ɗaya, wai a wajen ɗaya. In za su ce cin abinci, wannan ya ce kin kau, wancan ya ce kun hau, kuma a duka biyun abin da kalmomin ke nufi shi ne cin shinkafa, kamar yadda mu in dare ya yi muke tambaya ko an ci tuwo, ko da taliya aka dafa. A nan Zamfara in an ce hatsi kowa ya san gero ake nufi. Su kuma kalma ɗaya ce ke ɗauke da shinkafa da abinci gaba ɗaya. Abin da ya rayar da kakanni shi ke cinye sunan abinci.

Har a taswira abin ya bar sawu. Daga Gwangshi ka gangaro arewacin Biyetnam, ka shiga Lawos, ka faɗa Tailan, za ka yi ta cin karo da garuruwan da sunansu ya fara da Na ko Ban, wato gonar kaza, ƙauyen kaza. Wanda ya san ƙasarmu ba zai yi mamaki ba. Mu ma da Gidan wane, da Tungar wane, da Unguwar wane, da Ruwan kaza muke shuka sunaye, kuma duk inda ka tarar da Zango a Kumasi ko Akara ka san wanda ya yada kaya a wurin. Bayan sunaye akwai sauran abubuwan gado: gidan katako a kan dirkoki, mutane a sama dabbobi a ƙasa, da shinkafa mai danƙo da ake turarawa, wadda Juwang ke rinawa launi biyar a bikinsu na ranar 3 ga watan 3 na kalandarsu, ita ce kuma abincin yau da kullum a Lawos da arewa maso gabashin Tailan.

Sai dai kama da wane ba ta wane. In kamannin kalma ɗaya ya isa hujja, da sai mu ce mu ma danginsu ne, tunda muna da kai, muna da na, muna da ta. Garuruwan Tailan masu farawa da Nakon ma ba ruwansu da gonar shinkafa, kalmar Sanskirit ce mai nufin birni. Abin da masana ke nema shi ne bambancin da ke maimaita kansa bisa ƙa'ida. Mutumin Tailan yana ce wa ruwa nam, tsuntsu nok. A daidaitaccen harshen Juwang ruwa ram ne, tsuntsu rok. A jerin kalmomi irin waɗannan, inda wannan ya sa n sai wancan ya sa r. Haɗuwar sa'a ba ta yin layi haka. Da irin wannan lissafi Li Fang-Kuei, wani masani ɗan asalin Sin, ya fitar da littafinsa na kwatanta harsunan Tai, wato dangin da ya haɗa harshen Juwang da na Tailan, a 1977, ya kasa su reshe uku: na arewa, na tsakiya, da na kudu maso yamma. Harsunan Juwang sun bazu a reshe biyun farko. Na Tailan da na Lawos da na Shan a ƙasar Bama duk sun taru a na ukun.

Wannan rabon shi ya nuna inda gindin yake. Kabewa takan yi yaɗo ta haura danga ta je ta zuba 'ya'ya a gidan maƙwabta, amma mai neman saiwarta sai ya bi ta inda rassan suka fi cunkushewa. Harsunan Tai sun fi yawa da bambanta a kan iyakar Gwangshi da Biyetnam, inda kwari biyu maƙwabta kan kasa jin juna sosai. Daga can ne wani reshe ya yi kudu maso yamma yana bin koguna da fadamu, wajen ƙarni na 8 zuwa na 10 a lissafin masana da dama. A ƙarni na 13 jikokinsu suka kafa Sukotai. Wani ayarin ma, ƙarƙashin Sukafa, ya tsallaka duwatsu ya sauka a Asam ta Indiya a 1228, ya kafa daular Ahom da ta yi kusan shekara 600. Juwang su ne waɗanda suka zauna gida.

Abin dariya, an yi shekaru ana koya wa yaran Tailan a makaranta cewa kakanninsu daga duwatsun Altai suka taso, can tsakiyar Asiya wajen Mongoliya, suka kafa daular Nancau, har mayaƙan Kublai Khan suka koro su kudu a 1253. Labari ne mai dawakai da sarakuna, mai daɗin faɗa. Daga baya aka gane mutanen da ke da kalmomin gado na shinkafar fadama da ɓauna da kwalekwale ba daga ƙasar ƙanƙara suka fito ba, aka cire shi daga littattafai. Dangin gaskiyar suna nan kusa, manoma ne masu taɓo a ƙafa.

Wannan ciwon mun san shi. Ka tambayi Bahaushe asalinsa ya nuna maka Bagadaza, ya kawo Bayajida da rijiyar Kusugu. Wani ya ce Habasha ce aka lanƙwasa ta koma Hausa. Bagobiri ya ce Misira. Kowa yana son a ce daga nesa ya zo, daga gidan sarauta, a kan doki. Labaran nan suna da aikinsu, sun ɗaure garuruwa da juna, sun ba sarautu tushe, kuma ba ni da niyyar taɓa su. Amma harshe yana da nasa labarin, kuma shi ba a fada yake ba da shi ba.

Ka ɗauki huɗu. Bolawan Fika da Potiskum suna cewa poɗɗo. Mutanen Mwaghavul na Mangu a Filato suna cewa feer. A bakinsu harshe liis ne, mutuwa muut, suna kuwa sum. A Bolanci ci ti ne, sha kuma sa, kuma duk wanda ya lura da yadda mota ke zama motoci ya san t ɗinmu kan koma c in ya haɗu da i. Waɗannan su ne dangin harsunan Cadi, sama da 150, a warwatse daga Bauci da Filato da Yobe da Borno zuwa arewacin Kamaru da Cadi. Joseph Greenberg ya tabbatar da zamansu reshe guda na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibraniyanci da harshen Buzaye da tsohon harshen Misira, a littafinsa na 1963. Paul Newman da Roxana Ma suka bi da kwatancen kalma da kalma a 1966. Mutanen da Bahaushe ya daɗe yana yi wa kallon ƙabilun kan dutse, su ne 'yan ɗakinsu ta wajen harshe.

Larabcin ma da muke ɗokin jinginuwa da shi, zumuncinmu da shi hawa biyu ne, kuma mukan rikita su. Littafi, alƙalami, alƙali, lahira, Asabar, ashirin da talatin, duk aro ne, sun shigo da malamai da fatake, har ashirin ta ture gomiya biyu da kakanni ke faɗa. Wannan rigar fita unguwa ce, irin ta Sanskirit a jikin mutumin Tailan. Amma akwai na ƙasa da wannan, wanda ba wanda ya ara wa wani. Ɗalibin da ya fara nahawu a zaure yakan yi mamaki in ya ga ka da ki da ku na littafinka, littafinki, littafinku sun yi daidai da na Larabci, ya ga ya ta namiji ce ta kuma ta mace a nan da can, ya ga ma ɗin da ke gaban mabuɗi da makaranta ita ce a gaban miftahu da madrasa. Mutu namu da mata na Larabci, suna namu da ismu nasu, duk gado ne daga kaka ɗaya da ya shuɗe dubban shekaru kafin a san Bagadaza. Larabci ɗan'uwa ne na nesa, wanda daga baya ya dawo ya zama malami.

A nan ne maganar Inna ta dawo mini. Halshe ta ce. Balarabe yana cewa lisan, Buzu yana cewa iles, mutumin Mangu yana cewa liis. Lam ɗin nan da ta riƙe a tsakiyar kalmar ita ce ta gado. Haka zamna. Na tambayi yarinyar, in mutum ya zauna, me ya yi? Ta ce zama. Na ce to ina m ɗin ta fito? Na sake tambayarta, wadda aka yi wa aure, me ake kiranta? Ta ce amarya, sai ta yi shiru, don ta ji Inna tana cewa amre tun tana goye. Zamna da amre da sabka da abduga su ne tsofaffin. A Kano da gabashin ƙasar Hausa ne m da b na ƙarshen gaɓa suka narke suka koma u, aka sami zauna da aure da sauka da auduga, amma narkewar ba ta kai ga zama da amarya ba, sai suka tsaya suna ba da shaida. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan ƙa'ida tun wajen 1928, har yau da sunansa ake kiranta a jami'o'i. Da aka zo daidaita rubutun boko sai aka ɗauki karin Kano, kuma hakan ya yi amfani, don da shi muke karanta juna daga Yamai har Yola. Amma daidaitacce ba shi ne babba ba. Abin da malaminta ya kira Hausar ƙauye ya girmi Hausar allonsa.

In ana neman Juwang da Tailan na ƙasarmu sosai, wato ɗaya ya zauna ɗaya ya tafi, to sai a dubi Gwandara. A duk harsunan duniya ba wanda ya kai nasu kusa da Hausa. Suna Karshi da kewayen Abuja, da ƙasar Keffi da Lafiya a Nasarawa, da wani yanki na kudancin Kaduna. Labarin da ake bayarwa shi ne daga Kano suka fita lokacin da Musulunci ya kafu a fada, wasu na cewa zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wai sun ce gwanda rawa da salla, sunan ya bi su. Ko haka aka yi ko an ƙawata, harshen ya nuna daga gida ɗaya aka fito. Wani Bajapane, Shuji Matsushita, ya zauna cikinsu ya rubuta kalmominsu a farkon shekarun 1970. A karin Nimbiya ƙirga tana farawa da, bi, ugu, furu, biyar, shide. Ba Bahaushen da zai ji wannan bai ɗago kai ba. Amma ka ci gaba da saurare ka ji inda hanya ta rabu: su ba sa juyawa a goma, sai sun kai sha biyu, suna da kalma guda ta sha ɗaya, kwada, da ta sha biyu, tuni, irin lissafin wasu maƙwabtansu na tsakiyar Nijeriya. 'Yan ƙarnuka kaɗan a cikin wasu mutane sun isa su sa ɗan'uwanka ya riƙa ƙirga da wani hannun.

Kada kuma a ɗauka duk kalmar da ke cikin gida ta gado ce. Yarinyar nan Baffa take ce mini, ni kuma ina ce wa ƙanen Inna Kawu, muna da Goggo a Bungudu. Duka ukun daga Fulatanci muka aro su. Fulatanci kuwa ba dangin Hausa ba ne ko ta nesa, 'yan'uwansa suna Senegal, su Serer da Wolof. Zama tare da auratayya ne suka shigo da kalmomin har cikin ɗaki, har suka zauna a kan sunayen waɗanda muka fi kusa da su. Su ma can haka ne: sam, si, ha, wato uku, huɗu, biyar a bakin mutumin Tailan, da 'yan'uwansu a bakin Juwang, akasarin ƙirgarsu tsohon aro ne daga Sinanci, tun kafin su rabu, sai kowa ya tafi da rabonsa. Aron da ya daɗe a gida yakan shiga cikin kayan gado. Zumunci iri biyu ne, na tsatso da na zama, kuma Bafulatanin Bungudu da ba ya jin ko jam ɓandu ta gaisuwar Fulatanci ya fi kusa da ni a komai na rayuwa fiye da mutumin Mangu da muka haɗa kakan harshe.

Ƙasarmu ma in ka saurari sunayenta, labarin tashi da zama take bayarwa. Yandoto gari ne na malamai a ƙasar Katsina ta kudu, ya watse a farkon jihadi, wajen 1806, bayan da ya ƙi bin Shehu. Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa suka kafa Gusau, ana ma cewa daga gusawa sunan ya fito. Waɗansu suka nufi Tsafe. Yau fiye da shekara 200, Gusau tana hedikwatar jihar Zamfara tun 1996, amma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsafe kuma Yandoto. Mutum yakan bar ganuwa da rijiya da kushewar iyaye, amma sunan yakan bi shi kamar ƙurar hanya. Masana da yawa suna ganin Siyam, tsohon sunan Tailan kafin 1939, da Shan na Bama, da Asam na Indiya, duk suna ɗaya ne da ya yi ta sauya baki a kan hanya.

Ba na iya tunanin wannan ba tare da na tuna halin da muke ciki ba. Shekarun nan hanyar gida ta zama sai da addu'a. Ƙauyuka da yawa na kewayenmu sun tashi saboda 'yan bindiga, mutanensu suna Gusau a kangaye da gidajen dangi, wasu sun wuce Funtuwa, wasu Kano, wasu har Legas. Na ga abin da mai gudu ke ɗauka: tukunya, tabarma, buhu irin na Inna da ɗan abin da ya samu a ciki. Rumbu ba ya ɗaukuwa, gona ba ta ɗaukuwa. Abin da ba ya buƙatar ɗauri shi ne na baki. Yaran da ake haifa yau a bakin tasha a wani gari za su tashi da Hausar wurin, su ari kalmomin makaranta da na waya, wataƙila su yi wa iyayensu dariya in sun ce tahi. Amma wata rana wani mai kunne zai ji jikar wata ta ce mi maimakon me, ko ta ce ɗiya, ko ta ce hatsi tana nufin gero, ya tambaye ta, ku mutanen ina ne? Haka aka gane Juwang da Tailan. Ba a sami takardar da kakanninsu suka rubuta ranar rabuwa ba. Kaza da wuta da ruwa ne suka ba da shaida.

Duk wannan bayanin da nake zubawa, Inna tana tsinke kuɓewar da ta yi baƙi tana jefa wa kaji. Na ɗauka ba ta bi ba. Sai ta karɓi takardar daga hannun yarinyar, ta dube ta, ta dubi layin da ke gindin buhun.

"To su mutanen buhun ga da mutanen takardar ga," ta ce, "in Allah ya gama su wuri guda, suna jin juna?"

Na ce, "Ba sa ji, Inna. An daɗe da rabuwa. Sai dai kalma ɗaya-ɗaya. In wannan ya ce wuta, ko kaza, ko gona, ko ya yi zancen cin abinci, wancan zai gane."

"Cin abinci suna ganewa?"

"Suna ganewa."

"To mi ya rage?" Ta ninke takardar ta mai da ita cikin kwalla. "Kishiya, kwashe kuɓewar ga, ki kakkaɓe buhun ki shimfiɗa ma Baffanki. Tuwo ya sabka."